Lahadin ƙarshen shekara

Hazo ya lulluɓe Zuru tun asuba, ko duwatsun bayan gari ba a hangowa. Na makara sujada wajen neman ɗankwalin ankon zumunta, ashe Auta ce ta goya 'yar tsanarta da shi. Da dariya na bar gida fa.

Bayan baiko Sakatare ya miƙe da takardar waɗanda suka yi barci cikin Ubangiji bana. Mutum tara. Ni na rubuta masa ita ranar Alhamis. In aka kira suna sai a buga ƙararrawa sau ɗaya, dangi su tashi tsaye. Na huɗu Baba mai ƙararrawar ne da kansa. Yaron da ya gaje shi hannunsa na rawa, tsohon ƙarfen tayar nan ya ba da wata 'yar ƙara kamar an taɓa kwano. A nan mata suka fara sheshsheka.

Maman 'Yan Biyu na gefena. Wata goma sha ɗaya ke nan da aka tare motarsu maigidanta a hanyar Wasagu. An sayar da shanun noma, an kai abin da aka nema, shiru kake ji.

Ranar Alhamis ɗin na same ta tana bakacen dawa. Na durƙusa na ce, "Anti, dattawa sun ce in tambaye ki, a sa sunan Baban 'Yan Biyu a takardar?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kin ga gawa?"

"A'a, Anti."

"To ku bar mini mijina."

Na bar mata shi. Yau da aka kira suna na tara, Sakatare ya naɗe takarda, sai na ji ta damƙe mini hannu. Har yanzu shatin farcenta na nan. Fasto ya karanta 1 Tasalonikawa 4, inda aka ce kada mu yi baƙin ciki kamar marasa bege. Na saci kallonta. Ita ai begen ne ya hana ta kuka.

Da aka tashi ta ja ni gindin darbejiya.

"Ƙanwata, kowa an kira nasa ya miƙe. Ni ban san in tashi ko in zauna ba."

"Anti, ai ke kika ce..."

"Na sani. Da ma kin ƙi jin maganata."

Bakina ya mutu. Matan da suka rasa mazajensu cikin 'yan sa-kai a wajen Sakaba a 2022, duk da zafin abin, an yi musu zaman makoki, mun je mun yi waƙa, mun ce Allah ya ba da haƙuri. Ita da wace gaisuwa za a shiga gidanta? Sai yanzu ma na tuna, hatsin gwauraye da aka raba kafin Kirsimeti bai kai ƙofarta ba, tunda babu sunanta a takardar gwaurayen ma. Ita ma ni na rubuta ta.

Shinkafata ta kama. Maigida ya ci bai ce uffan ba, ya ga fuskata.

Auta ta sake ɗauke ɗankwalin. Na ƙyale ta.

Gobe in Allah ya kai mu zan auna tiya biyar cikin tamu in kai mata. Ina ta juya abin da zan ce mata na mene ne.