Ranar da aka hana ni shafe kankare

Yau Talata, kuma sai yanzu da dare na sami damar zama, tafin hannuna duk ya yi kanta saboda siminti. Tun da sassafe muka buɗe mazubai huɗu da muka cika jiya, sannan muka cika wasu huɗu, a aikin da muke yi na gina wa halittun teku matsuguni a wurin da murjani, wato ƙananan halittun da ke gina duwatsu a ƙarƙashin teku, ya mutu. Kowane gini yana kama da ƙatuwar tukunya da aka kife, mai ramuka ta kowane gefe, an kuma tara nauyinsa a gindi domin kada igiyar ruwa ta mirgina shi. Irin wannan siffa ta yaɗu ne ta hannun gidauniyar Reef Ball, wadda Todd Barber ya kafa a Amurka a 1993.

Na daɗe ina aikin gini, kuma abin da aka koya mini shi ne kankare mai kyau ya fito sumul, babu rami babu ƙuraje. A nan kuwa akasin haka ake nema. Kafin zubi muna fesa ruwan sukari a cikin mazubin, domin sukari yana jinkirta kamawar siminti a fuskar ginin, ta yadda idan an buɗe aka wanke da ruwa mai ƙarfi sai tsakuwa ta fito fili, fuskar ta yi kaushi. Da muka buɗe na biyu na ga bakinsa duk gargada, ban san lokacin da na ɗauki cokali zan gyara ba. Shugabar aikin, wadda masaniyar halittun teku ce, ta hango ni ta ce, "Malam, don Allah a ajiye cokalin nan, gargadar ce muke biyan kuɗi a kanta." Ta bayyana mini cewa 'ya'yan murjani da na kawa suna yawo ne a ruwa, ƙanana ƙwarai, suna neman inda za su maƙale, kuma wuri mai santsi ba ya riƙe su. Na ji kunya kaɗan, amma na ajiye.

Ramukan kuwa da balan-balan masu kauri muke yin su. Ana hura babba a tsakiya, a jera ƙanana a jikin mazubin, a zuba kankare a tsakaninsu, idan ya kama a sace iskar a zare su. Ɗaya daga cikin nawa ya goce yayin zubi, ramin ya fito a karkace, amma an ce a bar shi haka, kifi ba ya duba ma'auni. Ba ma sa rodi, saboda ruwan gishiri yana sa shi tsatsa ya kumbura har ya tsage ginin. Akwai kuma batun kaifin siminti: sabon kankare yana wuce 12 a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da kaifin abu, ruwan teku kuwa yana kusa da 8, shi ya sa ake haɗa garin silika a kwaɓin, a kuma bar ginin ya daɗe a tudu kafin a nutsar da shi.

A lokacin hutu na tambaye ta dalilin wannan wahala, tunda ana iya jefa kowane tarkace a ruwa kifi ya taru. Sai ta ba ni labarin gaɓar Fort Lauderdale a Fulorida, inda a shekarun 1970 aka zuba ɗimbin tsofaffin tayoyi da kyakkyawar niyya. Maɗauransu suka tsinke, tayoyin suka riƙa yawo suna farfasa murjanin da ke raye, har ta kai ga an tura masu ninƙaya na soja su kwashe su.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata magana da ta yi daga baya, cewa taruwar kifi a gini ba ta nufin kifin ya ƙaru, domin yana iya zama na wani wuri ne ya ƙaura, kuma idan ba a taƙaita kamun kifi a wurin ba, mun sauƙaƙa wa masunta aiki ne kawai. A ganina wannan ya fi batun kwaɓi wuya, kuma ba a hannun magini yake ba.

Kafin mu tashi mun lulluɓe sababbin da jiƙaƙƙun buhuna don kada rana ta tsage su. Gobe ni aka ba wankin fuskar gine-ginen, cokalina kuwa na bar shi a cikin jaka.