Daga Maraɗi zuwa ƙarƙashin Bahar Maliya

Zumunci ne ya fitar da ni daga Maraɗi a 2022. Ƙanen kakanmu ya kama hanyar Makka da ƙafa tun zamanin Turawa, ya yada zango a Sudan bai ƙara gaba ba, zuriyarsa kuwa na nan Fot Sudan a bakin Bahar Maliya, bakinsu da Hausa har yau. Mota zuwa Yamai, jirgi zuwa Hartum, sannan gabas.

Kawu Sale ne ya haɗa ni da masu nutso. "Ɗana, ka zo har nan ka koma ba ka ga Sanganeb ba?" Wajen kilomita 25 ne daga gaɓa, tudun murjani a tsakiyar teku da doguwar hasumiyar fitila a kansa. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2016.

Na iya iyo tun ina yaro a tafkin Madarunfa, amma wannan wani karatu ne daban. Aka goya mini tulun iska, mai koyarwa ya nanata abu biyu: kada ka riƙe numfashi, kada ka yi gaggawar tasowa. Tun kafin kunne ya fara ciwo sai ka toshe hanci ka hura a hankali, ya buɗe.

Mun sauka mita 10. Jan launi ne ke fara ɓacewa, komai ya koma shuɗi. Murjanin da na ɗauka dutse ne ashe rayayye ne, ƙananan halittu ne dubu bisa dubu ke gina shi, wani reshe-reshe, wani faffaɗa kamar faifai. Na tsaya kan wani kifi mai bakin aku yana gatsar murjani, ina jin ƙaras-ƙaras ɗinsa cikin ruwa, can sai ya saki farin rairayi ta baya. Rairayin gaɓa da yawa daga cikin irinsa ya fito! Ɗan kifi mai ruwan goro da farin zane ya fito daga gidansa ya yi mini tsaye a gaban madubin ido, ko tsawon yatsa bai kai ba.

Abin da ke damuna, ruwa in ya yi zafi fiye da kima murjani kan yi fari fat, in zafin ya daɗe ya mutu, kifayen su watse. Ga kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023. Kawu ya ce mini ta waya baƙi sun ɗauke ƙafa, mai jirgin da ya kai mu ya koma kamun kifi don ciyar da iyali.