Ni da maganin neman haihuwa

Likita ce ta ɗora ni a kan Clomid, ƙwayar nan da ke sa mace ta saki ƙwai. Kwana 5 ake sha, ana farawa 'yan kwanaki bayan zuwan al'ada. Ƙwayar 'yar mitsitsiya, amma wallahi na ji jiki.

Cikin hunturun Katsina, kowa ya ƙudundune a bargo, ni ko zufa ke karyo min tsakar dare. Ga ciwon kai, ga kumburin ciki, nono ba ya taɓuwa. Wanda ya fi ci min rai shi ne saurin fushi da kuka. Abban gida ya ce miya ba gishiri, na yini ina hawaye. Har Hajiya ta ja ni gefe: "'Yar nan, ko dai a nemo mai ruƙiyya?" Na ce, "A'a Hajiya, maganin ne."

Da na fara gani dishi-dishi, likita ta ce in dakata nan take. Ta kuma gargaɗe ni: in ciki ya kumbura sosai, da amai ko sarƙewar numfashi, asibiti za a nufa ko da dare ne. An fi ganin haka ga masu allurar neman haihuwa.

Abin da ke ba ni haushi, mata na saye a kemis don an ce yana kawo tagwaye. E, yana ƙara yiwuwar hakan, amma likitoci ba su cika barin a wuce zagayen al'ada 6 ana sha ba, kuma in matsalar daga wajen maigida take, ba abin da zai gyara.