Darussan da aikin asibiti ya koya mana kan tantance ciwo a Bauchi da Gombe

Da wuya majinyaci ya shigo ɗakin likita a Bauchi ko Gombe da alamun ciwonsa tsurarsu. Da suna yake zuwa. "Likita, olsa ce ta tashi." "Basir ne ya hau masa kai." "Shawara ce." "Maleriya da taifot ne suka haɗu." Kafin ya iso ya biya ta kemis, an yi masa allura uku, wataƙila har an ɗaura masa ruwa a gida. Wannan suna yana da nauyi, domin idan aka rubuta shi a kati sau ɗaya, duk wanda ya zo daga baya shi zai bi, kamar tumaki a burtali. Aikin farko shi ne a kwance sunan a ga abin da aka ƙunshe a cikinsa. Kalmar shawara kaɗai tana iya nufin ciwon hanta, ko fashewar ƙwayoyin jini a mai sikila, ko toshewar hanyar matsarmama, ko zazzaɓin shawara irin wanda ya ɓarke a ƙaramar hukumar Alƙaleri, a yankin Yankari, a 2019. Sanyi kuwa ya haɗa ciwon gaɓɓai da ciwon huhu da ciwon mara a buhu ɗaya. Don haka ba a tambayar "me ke damunka" a tsaya nan. Cewa ake yi: "Baba, nuna min da yatsa ɗaya inda yake ciwo. Ran da ya fara, me kake yi?" Idan da Fulfulde ko Tangale ko Jaranci ya fi sakewa, a nemo mai fassara, amma kada ya zama wanda majinyacin ke jin kunyarsa.

Daga nan likita yana riƙe abu biyu a ransa lokaci guda: ciwon da ya fi yawa a wannan wuri da wannan wata, da ciwon da zai iya kashe mutumin kafin asuba ko da ba shi ne ya fi yawa ba. Na farko ake fara nema, amma na biyu ake fara kawarwa.

Zazzaɓi ne ya fi cin mutane ta wannan hanya. Daga Yuli zuwa Oktoba maleriya ce sarauniya, kuma wanda ya ce ita ce zai yi daidai sau da yawa. Matsalar tana cikin gwajin gaggawa na ɗigon jini. Irin da aka fi amfani da shi yana gano wani sinadari ne da ƙwayar cutar ke saki, kuma sinadarin yana iya zama cikin jini makonni biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, bayan mutum ya warke. Layi biyu a kan gwajin na nufin an yi maleriya kwanan nan. Bai ce ita ce ke kwantar da mutum yau ba, bai kuma ce ita kaɗai ce ba. Gwajin Widal, wanda ake yi don neman taifot, ya fi wannan rauni. A inda mutane suka sha haɗuwa da ƙwayoyin taifot da danginsu tun suna yara, gwaji ɗaya tak yakan nuna "akwai" a jikin mai lafiya garau. Abin da ke tabbatar da taifot shi ne a shuka jini a ɗakin gwaji a ga ƙwayar ta tsiro, kuma sai an ɗebi jinin kafin a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta. A ra'ayinmu, jimlar nan "maleriya da taifot" ta rufe fayil ɗin mutane da yawa da ya kamata a ci gaba da bincikensu.

Ƙa'idar da ta fi amfani ita ce ta agogo. Idan an ba da maganin maleriya mai inganci, an ƙara da na ƙwayoyin cuta, aka yi awa 48 zuwa 72 zafin jiki bai sauka ƙasa da digiri 38 ba, to a koma farko. A Bauchi, musamman daga Disamba zuwa Afrilu, sunan da ya kamata ya faɗo a rai shi ne zazzaɓin Lassa, domin jihar na cikin waɗanda suka fi fama da shi tare da Ondo da Edo da Taraba. An fara gano cutar a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu a 1969, kuma ɓera ne ke yaɗa ta ta fitsarinsa da kashinsa a kan hatsi da abincin da aka shanya ko aka bari a buɗe. Tana iya ɗaukar har kwana 21 kafin ta bayyana. Kuskuren da aka fi yi shi ne jiran zubar jini. Ƙalilan ne ke zubar da jini, kuma a ƙarshe yake zuwa. Abin da ke gaba da shi shi ne ciwon maƙogwaro, ciwo a bayan ƙashin ƙirji, amai, kasala mai tsanani, kumburin fuska da wuya, furotin a fitsari, wani lokaci da toshewar ji. A tambaya ko wani ya rasu da irin wannan zazzaɓi a gidan, ko majinyacin ya yi jinyar wani, ko ya wanke gawa. Da zarar zargi ya shiga, sai a keɓe shi, a sa safar hannu da takunkumi da rigar kariya, a kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, a aika jini gwajin PCR, mai gano ƙwayar cutar, cikin mazubi uku, ɗaya cikin ɗaya. Maganin ribabirin ya fi tasiri a kwana shida na farko, saboda haka kowace rana da aka ɓata ana canza maganin taifot asara ce. Mai ciki a watannin ƙarshe ita ta fi shiga haɗari, ita da abin da ke cikinta. Ma'aikatan lafiya da dama sun kamu ne a ɗakin haihuwa ko ɗakin tiyata, a kan majinyacin da aka rubuta wa wani suna daban.

Zazzaɓi da fita hayyaci wani babi ne. Kafin a yi gardamar ko maleriya ce ta taɓa ƙwaƙwalwa ko sanƙarau ne, a soki yatsa a auna sukari. Minti ɗaya ne. Yaron da ya kwana bai ci ba, ko wanda aka ɗaura wa kwinin, sukarinsa kan faɗi, kuma mililita 5 na ruwan gulukos mai kashi 10 cikin 100 a kan kowane kilo na nauyinsa na iya farfaɗo da shi a gaban idon uwarsa. Bayan haka a lanƙwasa wuya. Amma jariri ba ya sanƙarewar wuya kamar babba. A wurinsa maɗiga ake shafawa a ji ko ta kumbura, a lura da ƙin kama nono da kuka mai kaifi. Daga Fabrairu zuwa Mayu, lokacin zafi da ƙura, sanƙarau ya kamata ya hau saman lissafi. Waɗanda suka ga annobar 1996, wadda ta kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan, ba sa buƙatar tuni. Iyaye kan ce an yi wa yaro rigakafi, amma rigakafin da aka fara a 2011 na nau'in A ne kaɗai, ɓarkewar da aka gani daga baya kuwa akasari nau'in C ne. Sai a 2024 aka shigo da mai kare nau'i biyar. Ruwan ƙashin baya ne ke raba gardama, sai dai ba a ɗibarsa idan numfashi ya rikice, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, ko jini ba ya daskarewa. In ba za a iya ɗiba nan take ba, ba a jira: a ba da seftiriyazon don sanƙarau, a ba da atesunet don maleriya miligiram 2.4 a kowane kilo (miligiram 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba) a awa ta farko, da ta 12, da ta 24. Gara a yi maganin biyun a daren farko.

Idan wadda ta fita hayyaci tana jijjiga mace ce mai cikin da ya wuce mako 20, ko wadda ta haihu kwanan nan, lissafin ya canza. Dangi za su ce iska ce ko farfaɗiya. A auna hawan jini, a tsoma takardar gwaji a fitsari. Awo 140 bisa 90 ko sama da haka tare da furotin ya isa a ɗauke ta a matsayin jijjigar masu ciki, a ba da magniziyom salfet giram 4 ta jijiya a hankali da giram 5 a kowane ɗuwawu. Kafin a maimaita allurar ana duba numfashi, da zaburar gwiwa, da fitsarin da bai gaza mililita 30 a awa ba.

Ciwon ciki kuwa kunya ce ke ɓoye shi. Duk macen da ke shekarun haihuwa ta zo da ciwon mara, gwajin ciki na fitsari wajibi ne, ko da ta ce tana shayarwa, ko mijin ya yi tafiya, ko ba ta da aure. Tambayar "Yaya, yaushe rabonki da al'ada?" ana yin ta ne bayan an roƙi uwar miji ta ɗan ba da wuri. Cikin da ya zauna a wajen mahaifa idan ya fashe, jini na taruwa a ciki ba a gani, kuma matashiya kan riƙe awon jininta daidai har kusan ƙarshe. Bugun jijiya ne ke fara gudu, tafin hannu ya yi fari, ta ce jiri take ji ko kafaɗa na mata ciwo. Saurayi ma haka yake: zai nuna mara alhali ɗan marainansa ne ya murɗe, kuma awa shida kawai ake da su kafin ɗan marainan ya mutu. Wanda bai sa an sauke wando ba ba zai ga wannan ba, ba kuma zai ga ƙabar da ta shaƙe ba. Mai zazzaɓin mako biyu da cikinsa ya ɗaure farat ɗaya ya yi tauri kamar allo, hanjinsa ne taifot ta huda. Hoton ƙirji a tsaye kan nuna iska a saman hanta, amma rashin ganinta bai wanke shi ba, tiyata yake buƙata. Lebura ko manomin da ya saba haɗiyar maganin ciwon jiki irin su diklofenak da ciki wayam, tumbinsa ne kan huje. Dattijo mai ciwon sukari da ya ce olsa ta taso masa da gumi, a ɗauki hoton bugun zuciyarsa kafin a miƙa masa maganin ƙwannafi. Yaron da ya rame, yana yawan shan ruwa da fitsari, yana jan numfashi mai zurfi da ciwon ciki, a auna sukarinsa kafin a kira mai tiyata.

Basir bai kamata a karɓe shi da baki ba. Mutumin da ya haura shekara 40 yana kashi da jini, yana ramewa, bayan-gidansa ya canza, a sa safar hannu a duba da yatsa. Ciwon dajin dubura ya sha samun shekara guda yana girma a ƙarƙashin jiƙe-jiƙen basir. Fitsarin jini a yaron da ke wanka a dam ɗin Dadin Kowa tsargiya ce har sai an ga akasin haka, amma a tsoho, in babu zafi, mafitsara ake leƙawa.

Akwai mai jego da ke zuwa da haki. Ba ta iya kwanciya sai an jingina ta, tari na tashinta da dare, ƙafafu sun kumbura. Sau da yawa an riga an ce asma ce ko sanyi ya shige ta. Raunin zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa a arewacin Nijeriya fiye da yawancin sassan duniya, kuma yana bayyana daga watan ƙarshe na ciki zuwa 'yan watanni bayan haihuwa. Likitocin Zariya a shekarun 1970 sun danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. Binciken baya-bayan nan ya fi karkata ga rashin abinci mai gina jiki, ƙarancin sinadarin seleniyom, da hawan jini lokacin ciki. Ko ma mene ne tushensa, abin da ke kashe ta a asibiti shi ne a ga ta galabaita a ɗaura mata ruwa leda biyu. A duba jijiyar wuya ko ta cika, a saurari ƙasan huhu, a auna yawan jini domin ƙarancinsa ma na kawo haki, sannan a nemi sikanin na zuciya. Idan hakin farat ɗaya ya zo da ƙafa ɗaya a kumbure, gudan jini ne ya tafi huhu. Idan tarin ya wuce mako biyu da gumin dare, a aika majina gwajin tarin fuka.

Yaro mai kumburin wuya, tun ɓarkewar mashaƙo da ta faro a ƙarshen 2022 ta shafi Kano da Yobe da Bauchi, ba a ce masa hangum sai an haska maƙogwaro. Farin tantani mai toka-toka da ya manne shi ne alamar. Kada a kankare shi, jini zai yi, kuma kada a bari a kai shi wurin wanzami cire belu.

Zubar jini daga dasashi a kudancin Gombe yana da nasa lissafin. Manomi ko makiyayi daga Kaltungo ko Billiri ko Shongom da ke tofar da jini, kafin a ce Lassa a duba ƙafafunsa. Kububuwa, wadda ake wa kirari da gobe da nisa, ƙarama ce, takan sari mutum da dare a ɗauka ƙaya ce ko kunama, kuma dafinta hana jini daskarewa yake yi. Gwajin ba ya buƙatar wuta ko na'ura: a ɗebi mililita 2 na jini daga jijiya, a zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a ajiye ba tare da girgizawa ba har minti 20, sannan a karkata ta sau ɗaya. Idan jinin ya zubo kamar ruwa, dafi ya shiga, maganin dafi ake nema, kuma asibitin saran maciji na Kaltungo don haka aka kafa shi. Gilashi aka ce, ba roba ba, kuma ba kwalbar da aka wanke da sabulu ba, domin a cikin waɗannan jinin mai lafiya ma kan ƙi daskarewa, a ɓata magani mai tsada a banza. Ana maimaita gwajin awa shida bayan an ba da maganin, in har yanzu bai daskare ba a ƙara wani. A tsakanin nan ba a yi masa allura a tsoka, ba a ba shi asfirin ko diklofenak, kuma a hana 'yan uwa tsaga wurin da reza.