Neman lilin na gaske: inda nake zuwa da abin da nake dubawa kafin a sa almakashi

Tunda zafi ya fara shigowa mutane suke ta tambayata wai a ina nake samo yadin lilin ɗin da nake ɗinka wa maigidan kaftani da kuma dogayen rigunana na zaman gida, toh yau dai na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya in huta da ba kowa amsa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa yin Afirilu da Mayu a Kano, lokacin da zafi ke haura digiri 40 ga babu wuta, ya san dalilin da ya sa mutum zai nace wa yadin da iska ke ratsawa.

Maganar farko wadda ba kowa zai so ji ba, yawancin abin da ake miƙo miki a shago a ce lilin ne, ba lilin ba ne zalla. Wani an haɗa shi da auduga, wani da biskos (zare ne mai santsi da ake sarrafawa daga itace), wani kuma roba ce kawai aka saƙa ta yi kama da shi. Kuma ba wai ina cewa 'yan kasuwa maƙaryata ba ne, sau da yawa yaron shagon shi ma bai sani ba, a haka aka kawo wa ubangidansa kayan a haka aka faɗa masa sunan, shi kuma ya faɗa miki. Shi ya sa ni yanzu idan aka tambaye ni wace kasuwa ce ta fi, sai in ce sunan kasuwa ba shi zai cece ki ba, ki nemi mai shagon da zai yarda ya yanko miki ɗan ƙyalle ki gwada kafin ki biya.

Lilin na asali daga jikin karan wani tsiro ake samun zarensa, wanda Turawa ke kira flax, mai fure shuɗi. Ba ma noma shi a nan, shi ƙasa mai sanyi da danshi yake so. Faransa ce kan gaba a duniya, musamman yankin Normandi, sai Beljiyam da Holan, su ukun nan su ke fitar da mafi yawan zaren mai kyau. Wajen kwana 100 yake yi a gona, kuma ba yankawa ake yi ba, tumɓuke shi ake yi da saiwarsa dan kar zaren ya gajarce, a shimfiɗa a gona raɓa da ruwan sama su ruɓar da ɓawon na wasu makonni sannan a kwashe a sussuke. Daga nan kaso mai yawa Chana da Indiya ake kaiwa a kaɗa a saƙa. Kin ga kenan idan kika ga an rubuta Chana a bakin yadi ba shi ke nuna jabu ne ba, akwai lilin zalla mai kyau da ake saƙawa a can da zaren Faransa. Amma kuma kin ga irin doguwar hanyar da ya biyo, ga dala yadda ta koma tun da aka saki naira a 2023, toh duk wanda ya ce zai ba ki lilin zalla a kuɗin yadin yunifom ɗin makaranta ki san akwai magana.

Kantin Kwari dai ita ce uwa, nan nake farawa kullum. Sai dai Kwari kasuwar atamfa da leshi da shadda ce a farko, lilin ba a tsibe yake a kowane layi ba, sai kin shiga ɓangaren masu yadin maza, masu boyil da atiku da kashmiya, nan za ki tarar da shi a jingine cikin bandir, galibi za ki ji suna ce masa Airish. Kuma kin san halin Kwari, kina sauka daga adaidaita ta wajen titin IBB ko Unity Road matasa za su yo kanki, Hajiya me ake nema, Hajiya zo akwai, waɗannan 'yan kamasho ne, sana'arsu ce kuma wasu na da kirki sosai sun san lungun da ke ba za ki taɓa ganowa ba, amma ki sani la'adarsu a cikin kuɗin da za ki biya take. Ni na fi son in shiga da kaina in tambayi dattijon da ke zaune a bakin shago, Baba dan Allah wa ke kawo lilin mara roba a layin nan? Sau da yawa zai nuna miki maƙwabcinsa ko da shi ba shi da shi, wannan halin na 'yan Kwari yana burge ni. Ki je da hantsi, kafin azahar, kuma kar ki kuskura ki bari sai goman ƙarshe na azumi, a lokacin ko tsayawa ki duba yadi da kyau ba za ki samu ba sabida turereniya.

Sabon Gari ma akwai, wajen masu yadin kwat da na wandon Turawa, kuma na lura su sun fi kawo mai kauri. Wanda yake Abuja zai samu a kasuwar Wuse amma da tsada, na Legas kuma Balogun, can zaɓin kala ya fi yawa gaskiya.

Wurin da mutane ke rainawa kuma shi ne gwanjo. Ƙofar Wambai. In dai abin da kike so ki ɗinka bai wuce rigar yaro ko 'yar riga ta sama ko ɗankwali ba, wallahi a dilar gwanjo za ki fi saurin samun lilin na gaske fiye da sabon shago, sabida Turawa suna yin zanin gado da labule da mayafin tebur da manyan riguna da shi, kuma yawanci takardar na nan a maƙale a gefe an rubuta abin da ke ciki da kasonsa. Zanin gado babba guda ɗaya yana fitar da doguwar riga har a samu ragowa. Ga shi ya riga ya sha wanki ya yi laushi ya gama tsukewar da zai yi. Abin dubawa kawai ki ɗaga shi a rana ki ga ko tsakiyar ta siɗe, ki duba kan layin ninki, dan a nan lilin ke fara karyewa idan ya tsufa. Wasu na ƙyamar gwanjo, ni dai ruwan ɗumi da sabulu da shanya a rana sun ishe ni.

Yanzu gwajin. Idan aka sauko miki da bandir, ki fara ɗora bayan hannunki a kai, lilin yana da wani sanyi-sanyi ko da shagon ya ɗau zafi. Sai ki damƙi gefe ɗaya a tafin hannu ki matse sosai ki saki. Na gaske zai fito a yamutse da layuka masu kaifi kuma ba za su koma ba, mai roba kuwa kina saki zai miƙe abinsa. Akwai mai shagon da ya taɓa ce min, Hajiya ai wannan shi ne mai kyan, baya yamutsewa ko guga ba sai an yi ba, na ce Alhaji ai kai da bakinka ka gama faɗa min ba shi ba ne, muka yi dariya ya sauko min da wani daga sama. Ki ɗaga shi wajen haske kuma, za ki ga zaren wani wuri ya yi kauri wani wuri siriri, da 'yan ƙulle-ƙulle nan da can ba bisa tsari ba. Masu kwaikwayo ma suna saka ƙullin yanzu, amma nasu in kin lura a jere yake yana maimaita kansa.

Wanda ya fi duka shi ne ashana. Ki roƙi ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa biyu, ki fita waje, dan Allah ba a cikin kasuwa ba, mun san abin da gobara ta sha yi wa kasuwanninmu, in da hali ma ki kai gida. Ki riƙe shi da cokali mai yatsu ko almakashi ki kusanta wuta. Lilin yana ci da sauri, warinsa na takarda ce da ta ƙone, tokar kuma fara-fara mai laushi kina murzawa ta zama gari. Roba kuwa janyewa take yi daga wutar tana narkewa, baƙin hayaƙi, warin leda, in ta huce ta bar wani baƙin dunƙule mai tauri a baki. Wanda aka haɗa da roba za ki ga toka a tsakiya da ɗan tauri a gefe. Sai dai ashana robar kaɗai take tonawa, auduga da biskos su ma kamar takarda suke ci, toh a nan sai ki koma ga hannu: auduga bata kai shi sanyi da tsayuwa ba, biskos kuma santsi gare shi yana zubowa luƙui.

Kuma fa kar a ce na ce haɗin ba shi da kyau. Haɗin lilin da auduga ni ina sonsa sosai ga kayan yara da na zuwa aiki, baya yamutsewa can-can kuma ya fi araha. Abin da bana so shi ne a karɓi kuɗin zalla a ba ni haɗi.

Masu sayarwa a Instagram da WhatsApp, waɗanda ke saro kaya daga Dubai ko Gwanzu ta Chana ko Istanbul, akwai na ƙwarai a cikinsu amma hoto baya nuna komai a kan lilin, fitila ma tana canza kala. Abin da nake yi, in ce wa mai sayarwar ta yi min bidiyo a waje cikin rana ta damƙe yadin ta saki ina gani, ta nuna min bakin yadin ko takardar bandir ɗin. Wani lokacin za ki ga tambarin European Flax (a 2025 aka sauya masa suna zuwa Masters of Flax Fibre), wanda ke nuna a Turai aka noma zaren, ko Masters of Linen, shi kuma har saƙar a Turai aka yi. In ta san nauyinsa ma ta faɗa, giram 120 zuwa 150 a kowace murabba'in mita na riga mara nauyi ne kuma fari a wannan nauyin yana nuna jiki sai da shafi, kaftani da wando ki nemi wajen 180 zuwa sama. Sannan in fara sayen yadi ɗaya tukunna, in wanke in gani. Wadda ta ce sai dai ki ɗauki yadi biyar ko babu, Allah ya kawo mata kasuwa.

Wajen awo ki tambayi faɗi kafin ki ce a yanka, yawanci inci 58 zuwa 60 ne amma akwai mai 45, kuma bambancin nan yana iya sa hannun riga ya ƙi fita. Mai faɗin, yadi 4 yana yi wa matsakaicin namiji riga da wando, ni ina ƙara rabin yadi sabida tsukewa. Ki tsaya a auna a gabanki, ki sa a warware ki duba ko akwai tabon ruwa ko inda rana ta ci kalar a bakin ninki, kwantai ya kan yi haka. Kuma ki saya gaba ɗaya daga bandir guda, in kika dawo ciko bayan sati biyu da wuya kalar ta zo daidai.

In kin kai gida kar ki miƙa wa tela kai tsaye. Ki jiƙa, ki wanke, ki shanya a inuwa in mai kala ne, ki goge shi da sauran danshi, sannan a yanka. In ba haka ba wankin farko wando zai koma ɗangalalle. Ki ce wa telan ya bi duk bakin da wibin dan lilin yana zarewa sosai, kuma in mara nauyi ne kar a lafta masa aiki mai yawa a wuya, yana jan yadin ya tattare. Sitati kuma kaɗan ya isa, ba shadda ba ce.