Kai baƙi kallon furanni a duwatsun Gashaka da Mambila

Ƙaramin kamfani gare ni a Serti, jihar Taraba: mota ɗaya ƙirar Hilux, tantuna, tukwane, da samari 'yan gari masu dako da nuna hanya. Aikinmu kai baƙi yawon ƙafa a Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991 kuma ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Najeriya, da kuma tuddan Mambila.

Yawancin baƙi daga Disamba zuwa Maris suke zuwa. Hanya ta bushe, koguna sun janye, ana iya tsallaka Mayo Kam ba fargaba. Masu ƙarfin gwiwa suna neman Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a ƙasar, mita 2,419, a kan iyakar Kamaru. Da kuɗin wannan lokaci nake biyan yarana. Sai dai ciyawa ta bushe ko an ƙone ta, hazo ya rufe nesa, furen da za ka gani bai wuce rawaya ba, wadda ke ɓullowa daga ƙasa tsakiyar toka babu ko ganye.

Wanda ya ce furanni yake so, ina ce masa ya zo daga Afrilu zuwa Yuni. A nan sana'ar take da wuya. Ruwa na sauka a Mambila da wuri, kuma 'yan makonni bayan saukarsa tsiran da suka kwana a ƙasa da saiwarsu duk rani sai su taso gaba ɗaya, tun ciyawa ba ta yi tsayin da za ta rufe su ba. Rumana da zangarniyarta, albasar kwaɗi a bakin fadama, da furannin okid na ƙasa iri-iri. Daga baya baurairai ke biyowa, ja da ruwan ɗorawa, yana nannaɗe kan tsirai da bakin ganyensa. Idan ka zo da wuri ƙasa ba ta farka ba. Idan ka makara, laka ta riƙe mota, kogi ya cika, ciyawa ta wuce ƙugu. Shi ya sa ba na tsayar wa kowa rana tun watanni kafin lokaci. Sai na buga wa makiyayan da na sani a wajen Nguroje da Maisamari waya, su faɗa min ko ruwa ya zauna. Sun fi kowane hasashen yanayi sanin tudun nan.

Tafiyar ma daban take. Mai hawan dutse sauri yake so, mai furanni kuwa yana iya durƙusawa rabin sa'a a wuri ɗaya. Ba na haɗa su a ayari guda. Muna fita da asuba mu dawo kafin la'asar, domin hadarin yamma a tsayin da ya haura mita 1,500 ba ya sallama, kuma tsawa a fili mara bishiya abin tsoro ce. Rigar ruwa da rigar sanyi dole ne. A cikin gandun, sai da izini daga ofishin Serti da rakiyar ma'aikacin daji.

Doka ɗaya ce ba na sassautawa: ba tsinka, ba tono. Sau da yawa wata baƙuwa za ta ce a haƙo mata ɗaya ta dasa a gida. Nakan ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan ba zai rayu a zafin Kano ba, ki ɗauki hoto." Baurairai ma guba ne tun daga saiwa har fure, don haka ina sa ido sosai idan akwai yara.

Abin da ke damuna shi ne filin yana raguwa. Inda aka shuka bishiyar turare, ƙarƙashinta kusan babu abin da ke fitowa. Inda shanu suka yi yawa kuma, sai ƙaƙƙarfar ciyawa ta mamaye. Ba na ganin laifin makiyayi ko mai shuka, kowa abinci yake nema. Abin da ke hannuna shi ne in biya mai nuna hanya da kyau, in sayi nono da zuma a rugar da muka ratsa. A gefen kurmin Ngel Nyaki da ke Mambila, inda aka killace wasu filaye daga shanu da wuta, tsirai sun fara dawowa, kuma can nake shirin kai ayarin farko na bana idan ruwa ya zauna.