Yaran da suka iya waƙa, saura karatu

A shekarata ta farko ta koyarwa, bayan na fito daga makarantar horon malamai ta Askia Mohamed da ke nan Damagaram, an ba ni ajin CI, wato ajin farko na firamare, a wata lakwal da ke bakin gari. Ajin rumfar zana ce, yaran sun haura 70, mafi yawansu zaune bisa tabarma da ƙananan allunansu a cinya. Kafin sanyin hunturu ya kankama na riga na gamsu da kaina, domin duk jimlar da na rubuta a babban allo, da zarar na ɗora sanda a kanta sai ajin ya ɗauka baki ɗaya da murya mai daɗi, har azuzuwan maƙwabta suna ji. Wata safiya daraktanmu, wani dattijo da ya kusa ajiye aiki, ya shigo ya zauna can baya bai ce uffan ba. Da muka gama sai ya karɓi alli daga hannuna, ya goge jimlar, ya sake rubuta kalmominta huɗu amma ya birkita jerinsu, ta ƙarshe ta dawo farko. Ya kira yarinyar da ta fi kowa ɗaga murya, ya nuna mata kalmar farko. Ta rera jimlar tiryan-tiryan yadda na koya musu, idonta ma ba ya kan allo, yana kan bakina. Sai da yara suka fita shan iska ya ja ni gefe ya ce: "Mushe, yaranka sun iya waƙa, saura karatu."

Na ji zafin maganar, amma da na yi kwanaki ina kiran yaran ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta wa kowa haruffa a warwatse, sai na tarar waɗanda suke iya haɗa baƙi da wasali su fitar da gaɓa ba su cika yatsun hannu biyu ba. Amshin da ajin yake yi tare shi ne ya rufe mini ido, tun da yara biyar ko shida masu kaifin kai ne suke jan gora, sauran suna bin bakinsu da ɗan jinkirin da kunne ba ya kamawa. Tun daga ranar ban ƙara ɗaukar amsar taro a matsayin shaidar iya karatu ba, sai na ji yaro shi kaɗai, a kan abin da bai taɓa gani a jere haka ba.

Da na zauna na yi tunani, na ga yaran ba su da laifi ko kaɗan. Ɗan shekara 6 ko 7 da ya taso cikin Hausa, ko Barbarci, ko Fillanci, ana ɗora masa kaya uku a rana ɗaya: ya gane cewa zanen da ke kan allo yana tsaye ne a madadin sauti, ya fitar da sautin da babu shi a bakinsa, sannan ya san ma'anar kalmar cikin harshen da bai taɓa magana da shi ba. Hausa ba ta da "v", ba ta kuma raba "p" da "f" yadda Faransanci yake yi, shi ya sa "vélo" yake komawa "belo" a bakin yaro komai yawan maimaici. Wanda aka jibga wa wannan nauyi, idan yana da wayo, hadda zai kama, kuma ita suka kama.

Mafita ta zo mini daga inda ban zata ba. Kusan dukan yaran nan suna zuwa makarantar allo da asuba ko da yamma, kuma duk wanda ya zauna gaban malamin tsangaya ya san ba a fara masa da jimla. Babbaƙu ake farawa da su, yaro ya san kowane harafi da sunansa, alu, ambaki, wau, zal, sannan a shiga farfaru a sa musu wasulla, sannan tattashiya, yana bin gaɓa-gaɓa a hankali, kafin a kai ga hajjatu inda karatu yake gudana. Ni da na bi wannan tsani da ƙafata ina yaro, sai ga shi na tsallake matakai uku ina neman na huɗu. Na koma baya. Muka fara da kunne kafin ido, muna tafa hannu a kan gaɓoɓin kalmomin da suka sani, ra-ƙu-mi tafi uku, ge-ro tafi biyu, muna neman sunayen ƴan aji da suka fara da sauti ɗaya. Daga nan suka riƙa zana harafin da yatsa a cikin rairayin tsakar makaranta, wanda shi dai ba mu taɓa rasa shi ba. Sai kuma dabarar nan da kowane malamin lakwal ya sani: in faɗi gaɓa, su rubuta a allunansu, in buga sanda a tebur su ɗaga gaba ɗaya, cikin ƙiftawar ido in ga wanda ya juya "b" ta zama "d".

Daga baya, da na koma aji mai harshe biyu, na fahimci hikimar waɗanda suka buɗe makarantar gwaji ta farko a wannan gari a shekarar 1973, inda aka fara koyar da yara cikin Hausa kafin a shigo da Faransanci. Rubutun bokon Hausa kusan kowane harafi sautinsa ɗaya ne, don haka yaron da ya san baƙaƙe da wasulla biyar zai iya karanta kalmar da ba a taɓa nuna masa ba, ya kuma yi dariya idan abin dariya ne, wanda shi ne alamar ya fahimta. Sirrin haɗa harafi da sauti sau ɗaya ake gano shi a rayuwa. Amma kada wani ya ɗauka gadar zuwa Faransanci tana gina kanta, domin akwai ramuka da dole malami ya tsaya a bakinsu ya nuna su ƙarara. Abin da Hausa take rubutawa "u" Faransanci "ou" yake rubuta shi, "sh" ɗinmu shi ne "ch" nasu, "c" da muke faɗa cikin "ciki" a can wani lokaci "k" ce, wani lokaci "s". Idan ba a jera waɗannan gefe da gefe a allo ba, yaron da ya fi iya karatun Hausa shi ne zai fi yin tuntuɓe, sai a ce Hausar ce ta ɓata shi.

Dikte kuwa, wato shifta, na daɗe ina zaluntar yara da ita ban sani ba. Yadda aka yi mana haka na yi musu, kowane kuskure a cire maki, kafin a kai layi na uku yaro ya tashi da sifiri da kaye ja wur. Yaron da ya rubuta "bato" maimakon "bateau" ya ji sautukan nan huɗu daidai, ya kuma ba kowanne harafin da ya dace. Abin da ya rage masa shi ne ya san cewa Faransanci yana rubuta sautin nan da "o", da "au", da "eau". Bai kamata a haɗa shi a ma'auni ɗaya da wanda ya jera haruffa barkatai ba. Yanzu kalmomin da aka rubuta daidai nake ƙirgawa, kuma ina ba su kalmomi masu wuya tun jajibiri su duba, tun da manufata su iya ne.

Hausar ma tana da nata ƙa'idojin da ba a sakaci da su. Ƙugiyar da ke kan harafi ita ce ta raba "kafa" da "ƙafa", ta raba "fadar" Sarkin Damagaram da "faɗan" ƴan kasuwa, kuma wayoyin hannu sun sa manya ma sun saba da zubar da ita. Mu a Nijar "ƴ" muke rubutawa inda littattafan Najeriya suke sa "'y", ina kuma nuna wa yara duka biyun don kada littafin Kano ya ba su tsoro. Raba kalmomi shi ya fi ci mini lokaci: "yana" a haɗe, "gidansu" a haɗe, "za su" a rabe.

A nahawu, darasin da ba na mantawa wani yaro ɗan CE1, wato aji uku na firamare, ne ya ba ni shi. Ya nace a kan "la soleil" maimakon "le soleil", wato rana, na gyara har na gaji, sai ya ce cikin ladabi: "Mushe, ai rana mace ce, cewa ake rana ta fito." Gaskiyarsa. A Hausa rana tamata ce, wata namiji, a Faransanci kuwa abin a juye yake. Yaron tunani yake yi da nahawun da ya riga ya mallaka, ni kuma ina ta sa shi rera ƙa'idar da ba ta taɓa abin da ke kansa ba. Tun daga nan ba na ba su suna tsirara, sai tare da "le" ko "la" ɗinsa kamar kalma ɗaya. Jam'i ma haka: gida da gidaje, kunne yana jin bambancin a jikin kalmar, amma "s" ta jam'in Faransanci bebiya ce, sai an koya wa yaro ya saurari "les" da ke gaba sannan ya tuna da ita.

A shekarar 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da ya faranta wa da yawanmu rai, sai dai a cikin aji ƙishirwarmu ta abin karantawa ce, domin yaron da ya fara gane gaɓa yana buƙatar sabon rubutu kullum, in ba haka ba ya haddace tsohon. Ni dai kwalayen sukari nake roƙa wajen masu tebur a kasuwar Dole, in yayyanka su, in rubuta kalma ɗaya a kowane yanki. Kowace safiya sai in cakuɗa su cikin ƙwarya, in miƙa wa wanda layi ya zo kansa ya ɗebi huɗu.